Yadda Ake Shimfiɗa Bututun Ƙarƙashin Ƙasa a Ginin Kasuwanci Kafin a Zuba Daɓe

A ginin filaza, otal, makaranta ko rukunin ofisoshi, kusan duk kuskuren da ke saman ƙasa ana iya gyara shi da guduma da buhun siminti, amma bututun da aka binne aka zuba masa kankare gyaransa ba ya yiwuwa sai an fasa tayil, an kwashe kayan ɗan haya, an rufe shago. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, kuma a aikin famfo ranar zanen ita ce 'yan kwanakin da ke tsakanin tashin fandisho da zuba daɓe, lokacin da kowa a wurin aiki yake gaggawa, magini na jiran ciko, mai kankare na jiran magini, mai gini kuma na lissafin ranar da 'yan haya za su shigo. Wannan bayani na mai aikin famfo ne da mai kula da gini, domin su san abin da ya wajaba a yi cikin waɗannan kwanaki, da jerin da za a bi.

Farawa daga mafitar ruwa

Kafin a ɗauki diga, a zauna da zanen mai tsara gini, da na injiniyan rodi da kankare, da na famfo, a haɗa su wuri ɗaya a duba ko sun yarda da juna. Sau da yawa za a tarar zanen famfo ya bi da bututu ta inda zanen injiniya ya kafa gindin ginshiƙi, ko an matsar da banɗaki bayan hukuma ta amince da zane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, amma ba a gyara takardar da ke hannun mai famfo ba. A tabbatar kowa yana riƙe da zane na ƙarshe.

Tambaya ta farko ita ce inda ƙazantar za ta ƙare. A wasu gundumomin cikin birnin Abuja akwai babban layin gwamnati da ke kai ƙazanta matatar Wupa, kuma wanda ke gini a can dole ya buɗe cembar da aka ba shi, wato ginannen rami mai murfi da ake duba bututu ta cikinsa, ya auna zurfinta da hannunsa, domin ba shi da ikon sauya ta. A yawancin garuruwanmu kuwa kowane gini da tankin masai da sokawe nasa yake dogara. Nan ma sai a tsayar da wurinsu tun yanzu: inda motar kwasar masai za ta iya isa, nesa da fandisho, kuma aƙalla mita 30 daga rijiya ko burtsatse, har da ta maƙwabci. Idan fili ya yi ƙaranci har wannan tazara ba ta samu ba, magana ce ta injiniya da hukuma, bai kamata mai famfo ya yanke ta shi kaɗai ba.

Daga wannan mafita ake lissafi a koma baya zuwa banɗaki mafi nisa. Wanda ya fara daga banɗaki yana gangarawa yadda ya ga dama, yakan isa bakin tanki ya tarar bututunsa ya nutse ƙasa da inda aka bar masa ƙofa, daga nan sai a fara dabarar ɗaga ƙarshen bututu, ruwa kuwa ba ya hawa tudu don an roƙe shi.

Kafa ma'auni da lissafin gangara

Ana bukatar alama guda wadda kowa zai riƙa aunawa daga gare ta. Abin da aka saba shi ne a ja layi a jikin ginshiƙi ko turke mai ƙarfi, mita 1 daidai sama da inda fuskar tayil za ta kasance idan an gama gini, sannan a yaɗa wannan layi zuwa kowace kusurwa. Idan akwai na'urar safiyo, ita ta fi. Idan babu, farar tiyo da aka cika da ruwa, aka fitar da duk kumfar iskar da ke cikinta, tana ba da sakamako mai kyau, domin ruwan da ke bakinta biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa. Saman ƙasar fili ba ma'auni ba ne, yau yana nan, gobe an zuba masa tifa biyar ta marmara.

Tsohuwar ƙa'idar da masu aikin famfo suka daɗe suna bi ita ce bututu mai inci 4 ya gangara 1 cikin 40, mai inci 6 kuma 1 cikin 60. Ma'anar 1 cikin 40 ita ce kowace mita ɗaya bututu ya sauka santimita 2.5. Idan daga banɗaki mafi nisa zuwa tanki mita 24 ne, saukar za ta zama santimita 60, don haka bututun da ya tashi da zurfin santimita 45 zai isa tanki da zurfin santimita 105. Ana iya sassautawa zuwa 1 cikin 80 a layin inci 4 da masai ke zuba wa ruwa, idan injiniya ya rubuta haka, amma a ganina wannan sassauci bai dace da filazar da ruwa ke yankewa ba, inda mutane ke shiga banɗaki da buta ɗaya. Ruwa kaɗan a bututu mai kwanciya ba ya iya tura abin da ke gabansa.

A rubuta zurfin kowace cemba a takarda tun kafin haƙa, ana aunawa zuwa ƙasan cikin bututu, wato inda ruwa ke kwanciya. Sannan a zana hanyoyin a ƙasa da farar ƙasa ko toka, a kafa turaku, a ja igiya.

Rarraba layuka

Ginin kasuwanci ba ruwa iri ɗaya yake fitarwa ba, kuma haɗa su a bututu guda shi ne tushen yawancin toshewar da ake fama da ita. Layin masai inci 4 ne aƙalla, babban layin da ya tattara banɗakuna masu yawa kuma yakan zama inci 6. Ruwan wanke hannu da na wanka yana fitowa da inci 2, amma da zarar ya shiga ƙarƙashin daɓe da nisa, na fi son a faɗaɗa shi zuwa inci 3 ko 4, domin ƙaramin bututu a ƙarƙashin kankare ba ya karɓar sandar zira idan ya toshe. Ruwan sama layinsa daban, ya nufi lambatu, kada ko kusa ya shiga tankin masai, domin ruwan sama ɗaya na watan Agusta daga rufin filaza ya isa ya cika sokawe ya dawo da ƙazanta cikin shagunan ƙasa.

Akwai wurare biyu da zane yakan manta da su. Na farko wurin alwala, wanda da wuya a sami filaza a Arewa babu shi: yashin ƙafafu da ledar ruwan sha suna bin magudanarsa kullum, don haka yana bukatar ƙaramar cemba mai zurfin gindi inda yashi zai zauna a riƙa kwashewa, da raga a bakin magudana. Na biyu shagon da wata rana zai zama gidan abinci. Manja da man gyaɗa da kitse suna daskarewa a jikin bututu, musamman lokacin hunturu, don haka layin kicin dole ya bi ta cembar tare maiƙo kafin ya haɗu da sauran. Ko da mai gini ya ce bai yi niyyar ba mai abinci haya ba, a shawarce shi ya bar bakin bututu a rufe a shago ɗaya ko biyu na gefe. Kuɗinsa yau bai kai na fasa tayil ɗin shago ɗaya ba.

Zaɓen bututu

A Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, bututun inci 4 ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kauri, akwai siriri wanda idan ka matsa bakinsa da hannu yake lotsawa. Na ƙarƙashin ƙasa dole ya zama mai kauri, mai rubutun girma da ajinsa a jiki. A guji wanda ya daɗe a rana har launinsa ya koɗe, domin rana tana sa roba ta yi gautsi, kuma idan an kawo kaya wurin aiki a jera su a inuwa a kan shimfiɗaɗɗen wuri don kada su lanƙwashe.

Haƙa da shimfiɗa gado

Faɗin rami ya zama faɗin bututu da ƙarin kamar santimita 30, yadda mai aiki zai sami wurin cusa yashi ta gefe biyu. A haƙa ƙasa da layin bututu da santimita 10 domin gado. Inda aka zarce da haƙa, kada a mayar da sakakkiyar ƙasa a taka da ƙafa a ce ya yi, a cike da yashi ko ƙananan tsakuwa a daddanne.

Rami yana kashe mutum, kuma ba sai ya yi zurfin rijiya ba. Da ya wuce mita 1.2 a tokare bangonsa da katako ko a kwantar da gefensa, a ajiye ƙasar da aka haƙo nesa da baki da aƙalla santimita 60, a sa tsani, kada kuma a bar lebura shi kaɗai a ciki. Bayan ruwan sama a sake duba bango kafin kowa ya sauka, domin jar ƙasar da ta tsaya cak da rani tana iya zubewa gaba ɗaya idan ta jiƙa. A yankunan baƙar laka, kamar sassan Borno, Gombe da Adamawa, ƙasa tana kumbura da damina ta tsage da rani, tana ɗaga bututu tana sauke shi, don haka gadon yashi ya fi kauri, kuma mahaɗa mai zoben roba ta fi mai gam jure wannan motsi.

Gadon yashi shi ne ke ɗaukar bututu daga farko har ƙarshe. Ɗora bututu a kan gutsattsarin bulo don a sami gangara cikin sauri babban kuskure ne: nauyin ciko zai danna tsakanin bulo da bulo, bututu ya yi ciki, ruwa ya riƙa kwanciya a nan. A ƙarƙashin kowace mahaɗa a ɗan rarake yashi don jikin bututu ne zai kwanta, ba kumburin mahaɗa ba.

Ratsa fandisho

Duk inda bututu zai ratsa bangon fandisho, a bar masa rami mai sarari, kamar santimita 5 ta kowane gefe, ko a sa guntun bututu mafi girma ya zama riga, a ɗora linta a sama, a cike sararin da abu mai laushi, a toshe bakinsa don ɓera da ƙasa. Gini yana zama a shekarunsa na farko, kuma bututun da aka kama da siminti ƙam a jikin bango zai karye daidai wurin. Ba a yanke rodi ko a fasa bim don bututu ya wuce sai da izinin injiniya, shi ya sa ake son mai famfo ya kasance a wurin tun ranar da kafinta ke haɗa katakon zuba kankare, ya saka rigunansa. Idan kuma rami ya bi kusa da fandisho, ƙasa da mita 1, kuma ya fi shi zurfi, sai a cike shi da kankare har zuwa gindin fandishon.

Haɗa bututu

Ana farawa daga ƙasa a hau sama, bakin mahaɗa mai faɗi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa. A yanke bututu a miƙe, a kankare gemun da zarto ya bari, a ɗan fiƙe gefen baki, a goge ƙura da danshi, a gwada shigarsa ba gam, a yi alamar iyakar shiga da fensir. Sannan a shafa gam a ɓangarorin biyu, a tura da ɗan murɗawa har zuwa alama, a riƙe kamar daƙiƙa 30 don kada ya turo kansa waje, a goge ragowar.

Al'adar nan ta ƙona takardar buhun siminti a gasa bakin bututu don a faɗaɗa shi a cusa wani, ya kamata a bar ta gaba ɗaya a aikin ƙarƙashin ƙasa. Wuta tana siranta robar, bakin ba ya fita da'ira sosai, kuma irin wannan mahaɗa ce ke fara tsiyaya. Soket, wato guntun mahaɗar da ke haɗa bututu biyu, nawa yake, idan aka kwatanta da abin da ake binnewa?

A kwance ba a amfani da elbo, wato mahaɗar kwana, mai digiri 90, sai a haɗa biyu masu digiri 45, haka kuma reshe yana shiga babban layi da mahaɗa mai siffar Y wadda ta bi hanyar ruwa, domin mai siffar T tana sa ƙazanta ta daki bango ta tsaya. Bayan kowace sanda a ɗora ma'auni a tabbatar da gangara, a leƙa ta ciki da tocila daga cemba zuwa cemba: idan haske ya fito da'ira cikakkiya, layi ya miƙe.

Bakunan da za su leƙo saman daɓe su ne ke bukatar natsuwa fiye da komai. Masai na zama mai zubarwa ƙasa yakan bukaci kimanin santimita 30 daga bango zuwa tsakiyar bututu, kuma daga fuskar tayil ake aunawa, don haka a ƙara kaurin filasta da tayil a kan bulo. Na tsuguno awonsa daban ne, wani ma ta bango yake zubarwa, saboda haka a sa mai gini ya zaɓi irin da zai saya tun yanzu, a kawo guda ɗaya a auna. A fitar da bakin bututun shan iska a farkon kowane layi, wanda daga baya zai hau har saman rufi, domin in babu shi, ruwan da ke tare wari a cikin tarko, wato lanƙwasar da ke ƙarƙashin masai ko magudana, zai riƙa zuƙewa.

Kowane baki a rufe shi da murfinsa na roba. Na taɓa kula da wata filaza mai hawa biyu inda aka toshe bakuna da takardar buhun siminti. Ranar zuba daɓe ruwan kankare ya jiƙa ɗaya daga cikinsu, ta zame ta faɗa ciki, ruwan siminti ya bi ta ya daskare a elbo. Ba mu sani ba sai bayan wata takwas, ranar da mai shagon atamfa ya kira ni yana cewa, "Injiniya, don Allah zo ka ga abin da ke fitowa ta ƙarƙashin kantata." Sai da muka fasa tayil goma sha huɗu, muka sare kankare da kurfi kwana biyu, kafin muka ciro dunƙulen siminti mai girman kan jariri da takardar a tsakiyarsa. Laifin nawa ne, domin na ga takardun a bakunan ban ce komai ba.

Cemba

Ana gina cemba duk inda layi ya juya, inda layuka suka haɗu, da inda gangara ko girman bututu ya sauya. A miƙaƙƙen layi ni ba na wuce mita 15 zuwa 20 ba tare da cemba ba, saboda tsawon sandunan zira da ake samu a wurinmu. Gindinta ya zama kwarin rabin bututu mai santsi, gefensa a tashe da gangara don duk abin da ya fantsama ya koma kwari, a yi mata filasta ciki, kuma wadda ke wurin ajiye motoci a ba ta murfi mai ɗaukar nauyi. A yi iya ƙoƙari cemba ta kasance a waje ko a baranda, domin babu ɗan kasuwar da zai so a buɗe masa ita a tsakiyar shago.

Bututun ruwan sha

Shi kuma raminsa daban, kuma inda dole ya gitta layin masai, ya bi ta sama da tazarar kamar santimita 30. A ƙarƙashin daɓe a guji mahaɗa gaba ɗaya, a zura sanda guda cikin riga yadda za a iya zare ta. Bututun PPR, wato na robar ruwan sha da ake haɗawa da zafi, da na'urarsa ake narka shi a zafin digiri 260, kuma idan aka wuce lokacin gashi robar tana taruwa ta ƙuntata cikin mahaɗa. Ana gwada shi da famfon hannu a matsin da ya kai ninki ɗaya da rabi na wanda zai yi aiki da shi. Tankin da ke sama da mita 10 yana ba da matsin kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), amma idan akwai injin tura ruwa, da matsin injin za a yi lissafi.

Gwaji kafin rufewa

Wannan shi ne matakin da gaggawa ke cinyewa, kuma shi ne bai kamata a taɓa tsallakewa ba. A bar gam ya kwana, sa'a 24. A toshe ƙarshen layi a cemba ta ƙasa, a ɗaura bututu a tsaye a farkon layi mai tsayin mita 1.5, a cika da ruwa sannu a hankali don iska ta fita. A bar shi sa'a biyu, a ƙara ruwa zuwa alama, sannan a zuba ido minti 30. A layin roba mai gam bai kamata ruwan ya sauka ba. A bi kowace mahaɗa da busasshen hannu ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Wadda ta jiƙa a yanke ta a sake sabuwa, shafa gam ta waje gyaran gangar Auzinawa ne.

Bayan haka a cire toshiya mutum ɗaya yana tsaye a cemba ta ƙasa, ya ga ruwan ya fita da ƙarfi ya ƙare, ba ya ta ɗiga ba. Sannan a saki ƙaramar ƙwallo daga sama da bokitin ruwa a bayanta: inda ta maƙale, akwai ciki ko tarkace. Injiniya ko wakilin mai gini ya halarta, ya sa hannu a takarda mai kwanan wata.

Tun ramuka na buɗe a ɗauki hoton kowane layi da tef a shimfiɗe, a auna nisan kowace mahaɗa daga ginshiƙai biyu, a zana a kan zane yadda aka yi aikin a zahiri. Kwafi ɗaya na mai gini ne, domin bayan shekara goma wanda zai zo gyara ba zai sami kowa daga cikinmu ba.

Mayar da ƙasa da ranar daɓe

A fara da yashi ta gefe biyu lokaci guda, ana cusawa da hannu da guntun katako, har ya rufe bututu. Santimita 30 na farko a sama ƙasa ce mai laushi marar dutse, da hannu ake danne ta, sai bayan nan injin dannawa zai hau, ciko kuma a riƙa yin sa hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15. A waje, inda ba mota, ƙasar da ke kan bututu ta kai santimita 60, inda motoci ke bi kuma 90 ko fiye, idan zurfin bai samu ba a kare shi da murfin kankare. A shimfiɗa ledar gargaɗi a tsakiyar ciko don mai haƙa nan gaba ya san akwai bututu a ƙasa, kuma a hana tifa da baro bi ta kan layi sai an ɗora katako.

Idan an gama ciko a sake cika layukan da ruwa, domin dannawa tana iya tsaga abin da ya ci gwajin farko, a bar ruwan a ciki har a gama zuba daɓe. A ɗaure kowane baki da guntun rodi da aka kafa a ƙasa don kada kankare ya ture shi, a naɗe wuyansa da soso ko kwali don a sami wurin saka mahaɗa daga baya, a sake auna nisansa daga igiyar bango. Ranar zubawa mai famfo ya tsaya a wurin daga kwano na farko har na ƙarshe, idonsa a kan alamar ruwan da ke cikin bututun tsaye. Idan ruwan ya sauka, a dakatar da masu zubawa nan take a nemo wurin, tun kankaren yana ɗanye ana iya kwashe shi da shebur.